Tafinta a Gaban Likita: Darasi Daga Borin Jinin Alkama

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, wata maƙwabciyarmu Bahaushiya ta roƙe ni in raka ta asibiti don in yi mata tafinta. Ɗanta mai shekara 11 ya faɗi sau biyu a filin ƙwallo, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓensa ya kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Wasu sun ce farfaɗiya ce, wasu sun ce iska.

Mece ce cutar?

Wani nau'in borin jini ne mai tsanani, wanda sai abu biyu sun haɗu yake tashi: cin abincin alkama, kamar burodi ko taliya ko cincin, da kuma motsa jiki cikin 'yan sa'o'i bayan cin. Ci kaɗai ba ya tayar da shi, haka ma gudu kaɗai. A 1999 masana a ƙasar Finlan suka gano cewa wani sinadarin alkama, omega-5 giliyadin, shi ne babban sanadi. Shan asfirin yana iya tsananta abin.

Yadda ake gano ta

Da farko likita zai bi labarin abin da ya faru. Daga nan sai gwajin fata, da gwajin jini na IgE. In da sauran shakka, akan ba yaro alkama sannan a sa shi gudu a kan na'ura, amma a asibiti kawai, da allurar adirenalin a kusa, domin cutar tana iya kisa.

Inda na yi kuskure

Uwar ta ce, "Ya ci burodi, can an jima ya fita ƙwallo." Ni kuwa na fassara cin burodin da faɗuwar, na zubar da "can an jima" da zancen ƙwallo. Likita ya fara karkata ga wata cuta, sai na ce, "Mama, don Allah maimaita." Da na gyara, tambayoyinsa suka canza. Bayan gwaji, aka hana yaron alkama aƙalla sa'o'i 4 kafin wasa.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, mu kula da ƙananan kalmomin lokaci: kafin, bayan, ɗazu, an jima, nan take. A aji maki ɗaya suke jawo mana, amma a gaban likita ran ɗan wani ne ya rataya a kansu.