Agogon kwamfutarka bai tsallaka Benin ba

Duk shekara, da zarar Oktoba ya zo ƙarshe, sai kira ya fara shigo mini daga Dole Kaina da Kamba da Lolo, kuma maganar ɗaya ce: "Injiniya, kwamfutata ta koma lokacin Benin." Mai shagon cike fom ya buɗe da safe ya tarar agogo ya ja baya da awa guda, nan take ya ɗora wa layin wayar ƙetare laifi. Gaskiya na gaji da jin wannan zance.

Babu wani lokacin Benin da ya bambanta da namu. Najeriya da Nijar da Benin agogo ɗaya suke bi, awa ɗaya gaba da lokacin duniya na UTC. Ƙarfe biyu a Birnin Kebbi ƙarfe biyu ne a Gaya, ƙarfe biyu ne a Malanville. Sai ka kai irin su Togo ko Gana kafin agogo ya sauya. In wayarka ta kama layin tsallaken iyaka, kuɗin kiranka ne zai ji jiki, lokacinka yana nan inda yake.

Ainihin abin shi ne, galibin kwamfutocinmu na gwanjo ne, kuma da yawa an bar su a kan yankin lokacin Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Ingila daidai yake da namu, shi ya sa ba wanda ke lura. Ranar da suka mayar da nasu baya, taka ta bi su. Akwai kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke riƙe agogo in an kashe wuta. In ya mutu, kwanan wata ma zubewa yake.

To ga gargaɗin da nake so ya zauna: kada ka gyara awar nan da hannu! Kwamfuta ainihin lissafinta da UTC take yi, abin da kake gani a fuska ƙari ne kawai. In ka tura agogo gaba da hannu alhali yankin yana Landan, fuska ta yi daidai da agogon bango, amma ciki ya karkace da awa cur. Daga nan lambar sirrin nan mai sauyawa duk daƙiƙa 30 za ta daina karɓuwa, rasitai su ɗauki lokacin ƙarya, kai kuma ka zauna kana zagin netwok. Na sha tarar da kwamfutar da aka yi wa wannan aika-aika sau uku, kowane mai gyara ya zo ya ƙara nasa. Masu gyara, ku ji tsoron Allah, ku daina karɓar kuɗi a kan wannan. A shiga saiti a zaɓi yankin Afirka ta Yamma ta Tsakiya, UTC+1, shi ke nan.

Bayan haka sai batun riƙe lokaci. Inda intanet ke tsaye, tsarin NTP mai daidaita agogo ta intanet ya wadatar. Amma a bakin iyaka, inda layi ke ɗaukewa yini guda, ina ba ofis ko cibiyar jarrabawa shawarar sayen ƙaramar na'urar GPS mai shiga ta USB. Taurarin GPS suna can sama da nisan kilomita kusan 20,200, kowanne ɗauke da agogon atom, suna watso lokaci dare da rana. Ba data, ba sim, ba kuɗin wata. Kwamfuta ɗaya mai Linux, da manhajojin gpsd da chrony, ta isa ta raba wa sauran na ɗakin lokaci.

Nan ma jita-jita ba ta bar mu ba. Wani Alhaji ya ce mini ba zai sa abin da zai riƙa kai wa Amurka rahoton shagonsa ba. Na fahimci tsoron, mutanen iyaka sun ga abubuwa. Amma na ce masa, Alhaji, wannan na'ura tamkar rediyonka ce: saurare take, ba ta magana. Tashar da kake kamawa ba ta san kana jin ta ba, haka tauraron bai san da kai ba. Wayar da ke aljihunka ce ke aika saƙo, na'urar GPS kuwa ba ta da bakin aikawa.

Abin da take buƙata sararin sama ne. Rufin kwano yana toshe ta, don haka a fitar da eriyar ta taga ko saman rufi, a jira ta kama taurari huɗu aƙalla. Kuma UTC take bayarwa, in yankinka bai daidaita ba za ka ce ita ce ta ɓata maka agogo.

Wurin saye a kula da tsofaffin kaya. Lissafin makonni na GPS yana cika ya koma sifili duk mako 1,024, ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa ranar 6 ga Afrilun 2019. Wasu tsofaffin na'urori tun daga nan suke ba da awa daidai amma shekara ta koma baya kusan 20. Kafin ka biya, sa mai kaya ya jona ta a waje, ka duba kwanan watan da idonka.