WANE KEK ZA A KAI GASA? DARASI A KAN GWAJIN ADALCI A ƊAKIN GIRKI

Gabatarwa

A ƙaddara cewa an shirya gasar gashin kek tsakanin makarantun sakandare na wata ƙaramar hukuma, kuma kowace makaranta kek ɗaya tak aka yarda ta kawo. A wata makaranta ɗaliban ajin koyon girki sun ƙware a iri uku. Na farko shi ne kek ɗin bota, wanda ake auna fulawa da sukari da bota giram 200 kowanne, a fasa ƙwai huɗu. Na biyu shi ne mai laushin soso, wanda ake buga ƙwai da sukari har su yi kumfa, ba a sa masa mai, sannan a tsaga shi a shafa kirim a tsakiya. Na uku shi ne kek ɗin ayaba da ake kwaɓawa da man gyaɗa. Kowane rukuni na ganin nasa ya fi, shugabar makaranta na da wanda take so, kuɗin kayan haɗi kuwa ba su da yawa. Wanne za a kai?

Wannan maƙala za ta nuna cewa tambayar ta kimiyya ce, kuma hanyar da masana ke bi su gwada magani ko irin shuka ita ce hanyar warware ta. Kek ɗin da ya cancanta shi ne wanda ya fi kyau a lokacin da alƙali zai kai shi baki, bisa shaidar mutanen da ba su san wanda ya gasa shi ba.

Abin da ke faruwa a cikin obin

Kek kumfa ne da zafi ya daskarar. Idan aka buga bota da sukari, ko aka buga ƙwai, dubban 'yan ƙananan kumfar iska ne ake cusawa a cikin kwaɓin. Hodar tashin kwaɓi, wadda aka fi sani da bekin foda, tana ɗauke da soda da kuma wani sinadari mai tsami. Da zarar sun jiƙa, kuma suka ji zafi, sai su saki iskar kabon dayoksaid, ita kuma ta shiga kumfar ta hura su. Wani mai haɗa magunguna a birnin Bamingam na Ingila, Alfred Bird, ya haɗa irin wannan hoda a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Mai tuyar masa da ke zuba ruwan kanwa a ƙullin da ya yi tsami tana amfani da irin wannan haɗuwa ce, domin kanwa 'yar uwar soda ce.

A cikin obin mai zafin digiri 180 na ma'aunin Salshiyas, kumfar na buɗewa, kwaɓin na tashi. Daga nan furotin ɗin ƙwai ya daskare, sitacin fulawa ya sha ruwa ya kumbura, su biyun su zama bangon da ke riƙe kek ɗin. Idan aka buɗe obin kafin bangon ya yi ƙwari, tsakiyar kek ta lotsa. Idan kuma aka juya kwaɓi fiye da kima bayan an zuba fulawa, furotin ɗinta da ake kira gulutin zai yi danƙo, kek ya yi tauri irin na burodi. Jan da bayansa ke yi da ƙamshin da ke tashi kuwa sakamakon haɗuwar sukari da furotin ne a kan zafi, abin da Bafaranshe Louis Maillard ya bayyana a 1912.

Muhimmin abu a nan shi ne, nau'o'in kek ba su yi daidai wajen jure kuskure ba. Mai laushin soso ya dogara kacokan a kan kumfar ƙwai, don haka ɗan jinkiri ko juyi mai ƙarfi na iya kashe shi. Na ayaba kuwa, da yake hoda ce ke tayar da shi, yana yafe wa mai koyo kurakurai da dama.

Kek yana tsufa

Alƙali ba ya cin kek a bakin obin. Sau da yawa akan gasa shi da yammacin jajibiri, ya kwana, a ɗauke shi a mota, ya zauna a kan tebur har tsakar rana. A cikin waɗannan sa'o'i abubuwa biyu ke faruwa. Na ɗaya, ruwa na fita, musamman a lokacin hunturu. Na biyu, sitacin da zafi ya warware yana sake shirya kansa ya ƙanƙance, sai cikin kek ya yi tauri yana marmashewa. Tun a 1852 masanin nan na Faransa, Boussingault, ya rufe burodi ruf yadda danshi ba zai fita ba, amma duk da haka ya tsufa. Wannan canji ya fi sauri a sanyin firiji, shi ya sa firiji ke hana kek lalacewa amma yake gaggauta taurinsa.

Mai da sukari suna rage saurin wannan tsufa. Man gyaɗa ruwa ne a zafin ɗaki, don haka kek ɗin ayaba kan kwana biyu da laushinsa, ƙamshinsa ma yakan ƙara zama washegari. Mai laushin soso, wanda ba shi da mai, ranar da aka gasa shi ita ce ranarsa.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi lashe kofi muhimmanci. Bota na narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, alhali zafin rana a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu yakan kai 40. Ado da aka yi da bota zai zube kafin a isa. Kirim ɗin madara ko na ƙwai kuma makiyaya ce ga bakteriya, waɗanda ke hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Ƙwaya ɗaya da ke rabuwa biyu duk bayan minti 30 za ta zama 4,096 a cikin sa'a shida. Wata bakteriya mai suna Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, tana iya sauka a kirim daga hannu, ta zuba gubar da ke sa amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka, in babu akwatin ƙanƙara, kek mai kirim ya fita daga takara tun kafin a ɗanɗana shi.

Harshe ba sikeli ba ne

A kan harshen ɗan Adam akwai dubban 'yan ƙullutai masu jin ɗanɗano, kowanne ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin 50 zuwa 100. Suna rarrabe abu biyar: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da daɗin romo irin na daddawa, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya bayyana a 1908. Zanen nan na tsofaffin littattafai da ke nuna zaƙi a ƙarshen harshe, ɗaci a can baya, kuskure ne. Duk sashen da ke da ƙullutan yana jin duka biyar. Sauran abin da ake kira daɗin kek, kamar ayaba da bota da kirfa, hanci ne ke jin sa ta iskar da ke hawa daga bayan maƙogwaro. Linda Buck da Richard Axel sun gano ƙwayoyin gadon da ke kula da jin ƙamshi a 1991, kuma mutum na da nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400. Dalilin da ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci ke nan, kuma bai dace a sa shi cikin masu gwaji ba.

Harsuna kuma sun bambanta tun daga gado. A 1931 Arthur Fox na Amurka ya lura cewa wani sinadari da ake kira PTC yana yi wa wasu ɗaci ƙwarai, wasu kuwa ba sa jin komai. Bayan haka harshe yana sabawa: wanda ya sha rake sannan ya sha lemo zai ji lemon ya yi tsami. Haka kek na uku a jere ba ya samun adalcin da na farko ya samu. A kan duk waɗannan akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke haɗa abin da baki ya ji da abin da mutum ya riga ya sa a ransa. Bahaushe ya ce so hana ganin laifi. Ɗalibar da ta wuni tana buga ƙwai ba za ta ji aibin kek ɗinta ba, kuma ba ƙarya take yi ba.

Baiwar Allah mai shan shayi

A farkon shekarun 1920, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke arewa da Landan, wata masaniyar gansakuka mai suna Muriel Bristol ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Abokin aikinta Ronald Fisher, masanin lissafi, bai tsaya gardama ba, sai ya tsara gwaji. A haɗa kofi takwas, huɗu an fara da madara, huɗu da shayi, a cakuɗa jerinsu ta hanyar ƙuri'a, a ce ta ware su. Hanyoyin zaɓen huɗu daga takwas guda 70 ne, ɗaya ce kawai daidai, don haka mai canki-canki sau ɗaya cikin 70 zai dace. An ruwaito cewa ta ware su duka daidai. Fisher ya bayyana tsarin gwajin a littafinsa na 1935, ya kuma zama ginshiƙin binciken noma da na magunguna. Darussansa uku ne: a ɓoye wa mai gwaji amsa, a bar ƙuri'a ta tsara jeri, kuma a san abin da sa'a kaɗai za ta iya bayarwa kafin a yi murna.

Yadda za a tsara gwajin

1. A fara karanta ƙa'idojin gasar: girman gwangwani, irin kek ɗin da aka yarda da shi, da yadda aka raba maki tsakanin siffa, laushi da ɗanɗano. Kek mai daɗi da ya saɓa ƙa'ida ya faɗi.

2. A gasa kowane iri sau uku a ranaku daban, da sikeli ɗaya, obin ɗaya. A rubuta tsayinsa, da ko ya lotsa, ya tsage, ko cikinsa bai gasu ba. Wanda ya yi kyau sau uku cikin uku ya fi wanda ya burge sau ɗaya ya lalace sau biyu.

3. A kwaikwayi ranar gasa. In sa'a 18 za su shige tsakanin gashi da alƙalanci, to a ajiye kek sa'a 18 a irin mazubin da za a kai shi, kafin a gwada.

4. A yanka daidai wa daida, a sa a faranti iri ɗaya, a ba kowanne lamba mai alƙaluma uku, kamar 417 ko 862. Lambobin 1, 2, 3 ko A, B, C suna sa mutum ya zaci na farko ne gwani. Wanda ya san sirrin lambobin kada ya zama mai rabawa.

5. A samo masu ɗanɗanawa 20 waɗanda ba su shiga gashin ba. A sauya jerin faranti daga mutum zuwa mutum, a kurɓi ruwa tsakanin yanka da yanka, kowa ya rubuta zaɓinsa a takarda ba tare da magana ba.

Karanta sakamako

A ƙaddara na bota da na ayaba ne suka rage, mutum 12 suka zaɓi na ayaba, 8 na bota. Masu na ayaba za su yi ta guɗa, amma lissafi bai ba su gaskiya ba. Wanda ya wurga kwabo sau 20 zai sami rabuwar 12 da 8, ko wadda ta fi ta tazara, a kusan rabin lokutan da ya gwada. Sai an sami 15 da 5 ne za a ce da wuya sa'a ce, domin irin wannan rabuwa ba ta faruwa da ka sai ƙasa da sau 5 cikin 100. Idan ba a kai nan ba, ɗanɗano bai raba gardama ba, sai a koma ga mataki na biyu da na uku, a zaɓi wanda ya fi tabbas kuma ya fi jure hanya.

Wani lokaci gardamar ƙarama ce, kamar ko a sayi bota mai tsada ko a yi da mai araha. A nan sai a yi gwajin uku-uku: a ba mutum yanka uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya fitar da baren. Cikin mutum 12, canki kaɗai zai ba kimanin 4 nasara. Sai 8 sun dace za a yarda akwai bambancin da baki ke ji. In ba a ji ba, kuɗin makaranta sun huta.

Kammalawa

Gwajin adalci ba ya tabbatar da kofi, domin alƙalai ma mutane ne masu nasu harsuna, kuma ba a san abin da sauran makarantu za su kawo ba. Abin da yake yi shi ne ya raba son rai da shaida, ya kuma hana babba danne ƙarami da muƙami. Ɗalibin da ya iya ɓoye lamba a ƙarƙashin faranti, ya jira lissafi kafin ya yanke hukunci, zai san tambayar da zai yi a ranar da aka kawo masa sabon taki ko maganin da aka ce yana warkar da komai: wa ya gwada, da me aka kwatanta, kuma sau nawa?

Aiki ga ɗalibai

1. A toshe hanci, a rufe ido, a ɗanɗana ɗan yankan gwaiba da na mangwaro ɗanye. Mutum nawa ne a aji suka gane su? A maimaita da hanci a buɗe.

2. A raba kek ɗaya gida uku, a naɗe kowanne a leda. A ajiye ɗaya a ɗaki, ɗaya a firiji, ɗaya a gidan ƙanƙara. Bayan kwana biyu a bar su su dawo zafin ɗaki, a gwada laushinsu a ɓoye, a bayyana dalilin bambancin.

3. Me ya sa bai dace wanda ya san sirrin lambobi ya miƙa faranti ba, ko da bai buɗe baki ba?