Yadda ake tsara karatun yara a gida idan shekarunsu sun bambanta

Tun daga 2020, da cutar korona ta rufe makarantu na tsawon watanni, sannan aka shiga satar ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara da Jangeɓe, har zuwa Kuriga a 2024, iyaye da dama a Arewa suka koma koyar da 'ya'yansu a gida. Wasu kuma ba tsaro ne ya kore su ba, kuɗin makarantar kuɗi ne ya fi ƙarfinsu, ta gwamnati kuma aji ya cika har malami bai san sunan kowa ba. Niyya ba ta yi ƙaranci a irin waɗannan gidaje ba. Abin da ke kayar da su shi ne malami ɗaya ne, yawanci uwa, ga yara uku ko huɗu, kowa da inda ya tsaya. Bari mu ɗauki gida mai yara uku: babba 'yar shekara 11, na tsakiya ɗan shekara 7, da auta ɗan shekara 4.

Kafin komai, ku san matsayin doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya yi firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku. Don haka kada ku yanke hulɗa da makaranta baki ɗaya. Ku je wurin hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, ku faɗi halin da kuke ciki, ku nemi hanyar da yaran za su riƙa rubuta jarrabawar ƙarshen zango, a kuma ajiye sakamakonsu. Ranar da za su koma aji, wannan takarda ce za ta yi musu magana.

Mataki na farko: ku gwada kowa, ku manta da shekarunsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wance shekarunta 11, sai a sayo mata littattafan aji shida. Shekaru ba sa nuna inda yaro yake a karatu. Ku zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba, kamar na minti goma. Ku rubuta baƙaƙe da wasula a warwatse ya faɗa. In ya iya, ku ba shi kalmomi irin su gida, tulu, kaza. In ya wuce, ku ba shi jimla huɗu gajeru, daga nan sai ɗan labari, ku kuma tambaye shi abin da labarin ya ce. A lissafi ku fara da gane lambobi daga 1 zuwa 9, sai daga 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 17, sai rabawa. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne ajinsa na gaskiya, kuma daga nan za a tashi.

Wannan gwaji ba ƙirƙirata ba ce. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta gina tsarin koyarwa a kansa, inda ake haɗa yara bisa abin da suka iya, ba bisa aji ba, kuma an yi aiki da tsarin a makarantun Borno da na Kano. Idan gwajin ya nuna babbar tana karanta Hausa sumul amma ɗebewa mai aro na ba ta wuya, to a lissafi ta zauna kusa da ƙaninta na ɗan lokaci. Ku faɗa mata a keɓe, da taushin murya, ku kuma ba ta lokacin da za ta wuce wurin. Yaro na iya jure komawa baya idan ba a kunyata shi ba.

Mataki na biyu: ku duba inda hanyar za ta ɓulle

Manhaja ba a zaɓenta don kyan bangon littafi. Ku tambayi kanku wace jarrabawa ke gaban kowane yaro. A Najeriya hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare da sakandare, kuma a kanta ake gina jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida, da ta kammala ƙaramar sakandare. A ƙarshen babbar sakandare, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ba sai ta hannun makaranta ba, sai kuma JAMB ga mai son jami'a, wadda ba a yin rajistarta sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Mai son ɓangaren Larabci da addini yana da jarrabawar NBAIS. An yi wa manhajar ƙasa gyara a 2025, saboda haka ku duba shekarar bugun littafi kafin ku biya. A Nijar zancen daban ne, jarrabawa da Faransanci ake yi, kuma BEPC ce ke gaban ɗan ƙaramar sakandare, sai a bi manhajar ma'aikatar ilimi ta can.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku sami malamin firamare na unguwa ku roƙi kwafin tsarin darussa na mako-mako da suke bi a kowane zango. Shi zai nuna muku abin da ɗan aji biyu ya kamata ya iya kafin ƙarshen shekara. Manhajojin Amurka da Ingila da ake tallatawa a intanet kuwa, shawarata ku bar su a matsayin ƙari kawai. Suna lissafi da dala da fam, misalansu na dusar ƙanƙara ne, kuma ba su aka gina jarrabawar da 'ya'yanku za su zauna a kai ba.

Mataki na uku: ku raba darussa gida biyu

A nan ne duk aikin yake, kuma wanda ya gane shi ya huta. Akwai darussan da ake hawa daki-daki, ba a tsallake ko ɗaya: karatu da rubutu, lissafi, Turanci, da Alƙur'ani. Waɗannan kowa nasa daban, gwargwadon inda gwaji ya ajiye shi. Akwai kuma waɗanda za a iya yi wa kowa a zama ɗaya: kimiyya, tarihi, sanin ƙasa, tsafta, sira da ladubba. A irin waɗannan maudu'i ɗaya ne, aikin da za a ba kowa ne ke bambanta.

Misali, makon nan ana maganar tsiro. Ku jiƙa wake, ku shuka a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki mai duhu, ɗaya a rana amma ba a ba shi ruwa. Auta shi ke ba da ruwa, yana kuma faɗin launin ganye. Na tsakiya ya zana abin da ya gani, ya rubuta saiwa, kara, ganye. Babbar ta auna tsawon kowane tsiro da rula kullum, ta jera a tebur, ranar ƙarshe ta rubuta sakin layi da Turanci kan dalilin da ya sa na cikin duhu ya yi tsawo amma ya ɗashe. Haka tarihi: a ba su labarin ganuwar Kano ko na Sarauniya Amina ta Zazzau ko jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 tare, ƙaramin ya saurara, na tsakiya ya maimaita da bakinsa, babbar ta rubuta. Kun shirya darasi ɗaya, kun koyar da aji uku.

Su kuma darussan da kowa ke yin nasa, ba sai mun je nesa neman dabara ba. Makarantar allo ta daɗe da warware wannan. Kolo yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa a izu, duk a zaure ɗaya, malam ɗaya. Kowa da allonsa, ya zo a biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, wani ya matso. Abin da za ku ɗauka shi ne wannan juyi: yaro ɗaya ne a gabanku a kowane lokaci, sauran kuma kowa yana da aikin da ya san zai yi ba tare da ya kira ku ba.

Mataki na huɗu: littattafai kaɗan, masu kyau

Ga kowane yaro, littafin lissafi ɗaya da na Turanci ɗaya na matakinsa sun isa. Na kimiyya da tarihi ku sayi na babbar kawai, ku sauƙaƙa wa ƙanana da baki. Ra'ayina, kuma ina da ƙarfi a kansa, yaro ya fara koyon karatu da Hausa. Rubutun Hausa yana bin furuci, b da a ba, k da i ki, don haka yaro na saurin gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da gaɓa, alhali Turanci harafi ɗaya na iya fita da sauti uku. Turancin a fara shi da baki tun yana ƙarami, rubutunsa ya biyo baya idan karatun Hausa ya zauna. Ka Koyi Karatu da 'yan'uwansa na kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya har yau suna aiki, haka Mu Karanta da aka yi amfani da shi a firamaren Bauchi da Sakkwato, in kun samu. Don karantawa tare da yamma ga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A ɓangaren addini, idan yaran na zuwa Islamiyya, kada ku buɗe wata manhajar a gida. Tilawa da bitar abin da aka ba su, ko Ahalari ne ko Arba'una, ta wadatar.

Mataki na biyar: jadawalin yini

Ku gina jadawali a kan lokutan salla da aikin gida, ba a kan ƙararrawar makaranta ba. Ga yadda zai iya kasancewa. Bayan Asuba tilawa, kowa da inda yake. Sai shara, wanka da karin kumallo. Ƙarfe 8:30 a zauna darasin haɗaka na rabin awa. Daga 9:00 a fara juyi, kuma a fara da auta. Wannan na da muhimmanci ƙwarai: ɗan shekara huɗu da aka ba shi minti goma sha biyar na farko, aka ƙirga duwatsu da shi, aka rera masa baƙaƙe, zai tafi wasansa da daɗin rai. In aka bar shi ƙarshe, shi zai hana kowa sakat. A lokacin babbar tana lissafin da aka nuna mata jiya, na tsakiya yana kwafar rubutu.

Daga 9:15 zuwa 9:45 na tsakiya ne a gabanku, karatu da lissafi. Shi ya fi kowa bukatarku, domin shekarun da ake kama karatu ke nan, kuma ba a kama shi sai da wani a kusa yana sauraro yana gyarawa. Daga nan a sha iska na kwata. Ƙarfe 10:00 babbar ta zo, a duba aikin jiya, a ɗora mata sabon darasi na minti arba'in, yayin da na tsakiya ke karanta wa auta littafi mai hotuna ko yana aikin lissafinsa. Ƙarfe 11:00 a yi Turanci, ƙananan da baki, babbar da rubutu. Kafin Azahar an tashi, an kauce wa zafin rana, ba a kuma dogara da wutar lantarki ba. Bayan La'asar Islamiyya ko wasa da 'yan unguwa, wanda shi ma ba abin rainawa ba ne ga yaron da ba ya zuwa aji.

Kada yawan awannin makaranta ya tsorata ku. Auta rabin awa a warwatse ya ishe shi, na tsakiya kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, babbar uku zuwa huɗu, rabi a ciki ita kaɗai take yi.

Akwai abin da nake so in ja kunne a kai. A gidajenmu da zarar an ce a taimaka, kan babbar 'ya yake faɗawa. Ta goya, ta yi wanke-wanke, yanzu kuma ta zama malamar ƙannenta, har nata karatun ya bi ruwa. Ta koya wa ƙaninta na minti goma ko sha biyar, wannan yana ƙarfafa nata ilimin ma. Fiye da haka zalunci ne. Lokacinta na gabanku kada a taɓa shi, ko baƙi aka yi. Maigida kuma ya ɗauki wani abu takamaimai, ko duba lissafi da dare, ko darasin ranar Asabar, ba tambayar «yau me aka koya?» kaɗai ba.

Mataki na shida: mako, zango da shekara

Kwana huɗu na cikakken karatu, na biyar na bita da fita: kasuwa don lissafin canji, gona, wurin tela ko kafinta, ko ɗakin karatu. Ko ku huta Alhamis da Juma'a irin na tsangaya, ko Asabar da Lahadi, duk ɗaya ne, in dai an tsaya a kan guda. Ku bi zango uku na makarantun jiharku don hutun yaran ya zo daidai da na abokansu. A watan azumi ku rage zuwa Alƙur'ani, karatu da lissafi. A bazara ku matso da komai da sassafe, a hunturu ku ɗan jinkirta.

Ku ware wa kowane yaro littafi ɗaya da za ku riƙa rubuta kwanan wata, shafin da aka tsaya, da abin da ya gagara. Layi biyu ya isa. Duk bayan mako shida ku maimaita gwajin farko. Wanda ya hau a ɗaga shi, wanda ya tsaya wuri ɗaya zango guda a duba idonsa da kunnensa a asibiti kafin a ce masa daƙiƙi.

Daga ƙarshe ku san iyakarku. Idan babbar ta kai ƙaramar sakandare, lissafi da kimiyya za su fi ƙarfin yawancin iyaye, kimiyyar babbar sakandare kuma tana bukatar ɗakin gwaje-gwaje. A nan sai ku haɗu da gida biyu ko uku na maƙwabta ku ɗauki malamin lesin ku raba kuɗin, ko ku mayar da ita makaranta idan hanya ta samu. Wanda zai fara a makon nan, kada ya sayi littafi ko ɗaya tukuna, ya fara da gwada yaran ɗaya bayan ɗaya.