Matar da Ba Ta Haihu Ba Tukuna

Cikin 1 Sama'ila sura 1 muna karanta labarin Hannatu, matar Elkana, wadda kishiyarta ta dame ta da gori domin ba ta da ɗa. Irin wannan baƙin ciki yana nan cikin ekklesiyoyinmu na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. In aure ya kai shekara uku ba goyo, sai uwar miji ta soma magana. Waɗansu su ce maita ce, waɗansu su ba mijin shawara ya ƙaro mata. Akwai masu bi da suka ja da baya ta wannan ƙofa. Domin haka ya kamata mu san abin da likitoci suka gane.

Allah ya sa waɗansu sinadarai cikin jini, ana ce da su homon. Aikinsu kamar na manzanni ne. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai suna fitutari, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Kowane wata takan aika homon biyu zuwa jakunkunan ƙwai da ke gefen mahaifa. Na fari yakan nunar da ƙwai, na biyu ya sa shi fita, wajen kwana 14 kafin haila ta gaba. In saƙon ya yi yawa ko ya gaza, ƙwai ba ya fita, ciki kuwa ba ya shiga, ko da mahaifa lafiya lau take.

Cutar da ta fi yawa cikin irin waɗannan ita ce wadda likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana a Shikago ta Amurka a 1935. Haila takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, gashi ya fito a haɓa, sau da yawa jiki ya yi ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama mata 6 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa. Wata matar kuma homon na nono ne ya yi mata yawa, sai ta ga ruwan nono alhali ba ta goyo. Wata kuwa matsalar a wuya take, inda maƙoƙo yake fitowa.

Akwai guda ɗaya da ta shafi ƙauyukanmu ƙwarai, gama matanmu da yawa a gida suke haihuwa. In mace ta zubar da jini mai yawa a kan gwiwa, 'yar tsokar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa takan lalace don rashin jini. Nono ya ƙi zuwa, haila ta ɗauke, kasala ta kama ta, mutane su riƙa ce mata raguwa. Likita Sheehan ya bayyana wannan a 1937. Irin wannan 'yar'uwa tana bukatar magani domin ranta ma, ba domin haihuwa kaɗai ba.

Yawancin waɗannan suna da magani. Akwai ƙwayar kulomifin da ta letrozol masu sa ƙwai ya fita, ana shan su kwana 5 a farkon zagayen haila. Akwai mai rage homon na nono, akwai na wuya. Amma kada a saya a kemis da ka. In hanyar ƙwai ce ta toshe saboda tsohon ciwon sanyi, ƙwayoyin nan ba za su buɗe ta ba, kuɗin masara ne kawai zai tafi. Sai an gwada jini tukuna. Maigida kuma lalle a gwada shi, gama sau da yawa matsalar daga wajensa take, ko da yake mu maza ba mu son jin haka.

In an shekara ɗaya tare ba ciki, sai a tafi asibiti. In matar ta wuce shekara 35, wata 6 ya isa. Kafin tafiya ta rubuta ranakun hailarta na wata uku, likita zai tambaya. A fara da babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tafiyar ba sau ɗaya ba ce, kuɗin mota da na gwaji kuwa suna da nauyi. Zumuntar Mata ta iya ware wani abu daga baikonta domin wannan, ta kuma zaɓi dattijuwa mai riƙe asiri ta raka su. Fasto ya yi addu'a da su biyu a gida, kada ya kira sunansu a gaban taro sai da yardarsu.