Sabuwar kwamfutar aiki: a saya ko a jira?

Masu tace fim, masu zanen gini da injiniyoyi kan ɗage sayen kwamfuta saboda jita-jitar cewa mai furosesa mafi ƙarfi na tafe. Kafin ka bi sahunsu, dubi abin da ya faru da Mac Pro na kamfanin Apple.

Samfurin 2019 ya zo da furosesar Intel Xeon da katin hoto na AMD da ake iya cirewa a sauya, yana kuma ɗaukar RAM har terabait 1.5. A 2023 magajinsa ya fito da M2 Ultra, wanda ya haɗe furosesa da sashen hoto wuri guda. Sauri ya ƙaru, cin wuta ya ragu, amma RAM ya tsaya a gigabait 192, ba a ƙara masa, kuma ba ya karɓar katin hoto na daban. Masu jiran injin da za su riƙa faɗaɗawa sun sha mamaki.

Don haka fara da manhajar da kake neman abinci da ita. In tana dogara da fasahar CUDA, sai katin hoto na Nvidia, wato kwamfuta mai Windows ko Linux. In Final Cut Pro ce, sai Mac.

Lissafa wuta ma. Katin RTX 4090 kaɗai yana jan wat 450, nauyi ne babba ga mai aiki da sola ko janareto.

Idan injinka na yanzu yana sa ka saɓa wa abokan ciniki alkawari, sayi wanda ke kasuwa. Idan yana biyan buƙata, jira sanarwar kamfani da sakamakon gwaji.