Darasin Uwargida: Barin Cin Nama, Amfaninsa da Haɗarinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.  

Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa shi ne tambayar da wata baiwar Allah ta yi bayan an tashi daga karatu. 'Yarta ce da aka aurar bara, yanzu tana da juna biyu wata huɗu, ta zo gida ta ce ita ta daina cin nama da kifi, ƙwai da nono ma ta ajiye su. Wai ta gani a waya hakan ya fi lafiya, kuma tausayin dabbobi take ji. Uwar ta yi faɗa, 'yar ta kafe, mijin kuma ya rasa ta cewa. Tambayar uwar biyu ce: shin yarinyar nan ta yi zunubi? Kuma abin da ke cikinta ba zai cutu ba?

Ko ba ki haɗu da irin wannan ba tukuna, yau waya tana hannun kowane yaro, gobe kina iya ji daga bakin naki. Gara ki san hujjojin kowane ɓangare tun kafin ranar.

SU WANE NE BA SA CIN NAMA?

Iri biyu ne manya. Na farko Turawa na kiransu bejiteriyan: ba nama, ba kaza, ba kifi, amma suna shan nono, da yawansu kuma suna cin ƙwai. Na biyu su ne bigan: duk abin da ya fito daga dabba ba sa taɓa shi, har man shanu, har zuma.

Abin ya daɗe a duniya. A ƙasar Indiya mabiya addinin Hindu da dama sun gaji barin nama kaka da kakanni, mabiya addinin Jain kuwa har albasa da dankali ba sa ci, don gudun kashe ƙananan halittu wajen tono su. A Ingila an kafa ƙungiyar masu barin nama tun 1847, sannan a 1944 wani mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ta bigan. To, me ya sa mutum zai bar tsire da farfesu da gangan?

HUJJOJIN MASU BARIN NAMA

1. Lafiyar jiki. A 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa, wato irin na gwangwani da sosej da busasshen nama mai gishiri, cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji. Suka ce mai cin giram 50 na irin wannan nama kullum haɗarinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuwa, na shanu da tumaki da awaki, suka ce akwai yiwuwar shi ma yana jawowa. Kin ga kilishinmu bai yi nisa da rukunin farko ba. Haka kuma wani bincike na Jami'ar Oxford da aka fitar a 2019, wanda ya bi mutum kusan 48,000 har shekara 18, ya gano waɗanda ba sa cin nama sun fi masu ci ƙarancin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 22 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: wake da ganye da 'ya'yan itace ba su da kitse irin na dabba, suna kuma da harza mai sauƙaƙa bayan gida da rage maiƙon jini.

2. Tausayin dabba. A manyan gonakin Turai da Amurka ana cusa kaji dubbai a wurin da wasunsu ba sa iya ko buɗe fiffike, ƴan tsakin da suka fito maza kuma a wurare da dama ana kashe su ranar da aka ƙyanƙyashe su saboda ba za su yi ƙwai ba. Mu ma kada mu yi saurin wanke kanmu. Ke shaida ce kan yadda ake loda shanu a tirela zuwa Kudu kwana da kwanaki, da yadda ake rataye kaji kai a ƙasa a bayan babur cikin rana.

3. Muhalli. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke jawowa mai ɗumama duniya. Kaso mai yawa daga gyatsar shanu da tumaki yake fitowa. A ƙasar Brazil kuma ana sare dajin Amazon don a samu wurin kiwo.

4. Aljihu. Wannan ba sai an kawo miki bincike ba. Kuɗin da zai sayi naman da ba zai wuce tsoka ɗaiɗai ba, idan wake kika saya da shi gida duka zai ƙoshi.

Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, kada ki yi musu dariya. Yanzu mu juya ɗaya gefen.

INDA HAƊARIN YAKE

1. Bitamin B12. Wannan shi ne babba, ki riƙe shi da kyau. Jiki na bukatarsa wajen haɗa jini da kiyaye jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma daga nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Zogale duk albarkarsa ba za ki dogara da shi ba a nan, haka wake, haka daddawa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hanta tana adana shi na shekaru, sai mace ta ce "ai shekarata biyu ban ci nama ba, ga ni garau." Ranar da ajiyar ta ƙare sai gajiya, jiri, mantuwa, da jin hannu da ƙafa kamar ana tsira allura. Jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi ya fi kowa shiga haɗari, domin shi bai zo da ajiya mai yawa ba. Sai ki ga yaro ya yi laushi, ba ya girma, ya makara wajen zama da rarrafe, wani lokaci kuma illar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ki sani kuma, ƙwayoyin ƙarin jini da aka saba bayarwa wajen awo na ayon ne da folik asid, ba lallai ne akwai B12 a ciki ba.

2. Ƙarancin jini. Akwai sinadarin ayon a wake da ganye, amma jiki ya fi saurin zuƙar na nama. Mu kuwa dama can a kan gaɓa muke: binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Macen da ta shiga naƙuda jininta a ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Allah Ya kiyaye.

3. Ƙashi da jijiyoyin kai. Masu binciken nan na Oxford sun fitar da wani sakamako a 2020 cewa karayar ƙugu a wajen bigan ta ninka ta masu cin nama fiye da sau biyu. A na 2019 ɗin ma da ya yabe su kan zuciya, an samu shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a wajen masu barin nama da kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya karanta miki rabin farko ya yi shiru, bai gaya miki labarin duka ba.

4. Ƙananan yara. Cikin yaro ƙarami ne, kafin ya ci tuwon da zai ba shi abin da ƙwai ɗaya ke ɗauke da shi ya riga ya ƙoshi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2023 ta ce yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya riƙa samun nama ko kifi ko ƙwai kowace rana.

5. Wuri ba ɗaya ba ne. Ba'amurke yana cin naman da ya haura kilo 100 a shekara, ɗan Najeriya kuwa a matsakaici bai kai kilo 10 ba. Nasihar "a rage nama" da su ta fi dacewa. Sannan bigan na Landan yana shiga kanti ya sayi madarar waken suya da aka zuba wa B12 da kalsiyam, likita na auna masa jini. Awarar bakin titinmu babu wanda ya zuba mata komai.

ME ADDINI YA CE?

Allah (SWT) Ya halatta mana naman dabbobin ni'ima, kuma a farkon Suratun Nahli Ya lissafa shi cikin ni'imominSa. Manzon Allah (SAW) ya ci nama, an ruwaito yana son karfata. Don haka babu mai cewa yanka dabba bisa ƙa'ida zalunci ne.

Amma halal ba ta zama dole ba. A ɗakin Nana Maimuna (RA) an kawo wa Annabi (SAW) naman damo ya janye hannunsa, da Khalid bin Walid (RA) ya tambaya ko haramun ne, ya nuna masa ba haramun ba ne, shi dai bai saba da shi ba, ransa bai so. Khalid ya ci a gabansa. Malamai sun fahimci cewa wanda ya bar wani abinci don ransa bai so, ko don likita ya hana shi, babu laifi a kansa.

Inda matsala take shi ne mutum ya haramta wa kansa, ko ya ɗauki barin naman ibada ce. A ruwayar Muslim, cikin mutanen nan da suka je tambayar ibadar Annabi (SAW) a gidajen matansa har da wanda ya ce shi ba zai ƙara cin nama ba, kuma Annabi (SAW) bai yarda da hakan ba. Aya ta 87 a Suratul Ma'ida ma ta hana muminai haramta kyawawan abubuwan da Allah Ya halatta. Haka nan barin nama ba ya ɗauke wa mai hali layya ko ragon suna.

Ta ɗaya gefen kuma, gidan Annabi (SAW) ba gidan nama kullum ba ne. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda akan yi wata biyu ba a hura wuta ba, sai dabino da ruwa. A cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Umar (RA) ya gargaɗi mutane kan sabo da nama, ya kamanta jarabarsa da ta giya. Tausayin dabba kuwa umarni ne: hadisin Shaddad bin Aus (RA) ya koyar da a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Kin ga abin da masu barin nama ke kuka a kai na azabtarwa da wuce gona da iri, mu ma an hana mu.

ABIN YI A MADAFARKI

Na ɗaya, ki haɗa hatsi da wake, domin abin gina jikin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi: shinkafa da wake, ɗanwake, koko da ƙosai, kunu da alale. Ki riƙa sa gyaɗa, riɗi, gurjiya, ƙuli-ƙuli da awara.

Na biyu, ki matsa lemun tsami a kwaɗon zogale ko rama, ki yanka ɗanyen tumatir, ko a ci gwaiba ko lemu bayan abinci. Suna taimaka wa jiki ya zuƙi ayon. Shayi kuma yana hanawa, a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Jiƙa wake kafin dafawa shi ma yana taimakawa.

Na uku, idan naman kaɗan ne, ki fara da ƙaramin yaro da mai ciki da mai shayarwa. Al'adar nan ta tara wa manya tsoka a bar yara da romo, ko hana yaro ƙwai wai zai koyi sata, ba ta da tushe a addini ko a likitanci.

Na huɗu, idan gidanku na masu hali ne, kullum soye-soye da balangu, musamman in maigida na da hawan jini ko ƙiba, to ku rage. A sa kifi da wake wasu ranakun, naman Sallah kuma a yawaita rabawa.

Ita kuwa 'yar'uwarmu mai tambaya, amsarta ita ce: 'yarki ba ta yi zunubi ba muddin ba ta ce nama haramun ne ba, amma abin da ke cikinta amana ne, kuma cutar da shi bai halatta ba. Faɗa ba zai gyara ba. Ki zaunar da ita ki ce, "'yata, tausayin nan naki abu ne mai kyau, to wanda ke cikinki shi ya fi cancantarsa." Ki roƙe ta ta dawo da ƙwai da nono ko da ba ta dawo da nama ba. Ki raka ta awo, ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar abin da take ci, a auna jininta, a rubuta mata B12, ta ci gaba da sha har ta yaye.

Don tattaunawa a zaman karatunku: mene ne bambancin barin abu da haramta shi? Kuma a gidanki, wa ke fara samun nama idan an sauke tukunya?

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.