Abin da Ke Gina Ƙashi da Abin da Ke Cinye Shi

Jama'a, a sani cewa ƙashi abu ne mai rai. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kullum kuwa jiki yana rushe tsohon ƙashi yana aza sabo. Tun daga yarinta har zuwa wajen shekara 30, ginin ya fi rushewar yawa. Daga nan sai al'amari ya juya sannu a hankali. Kamar rumbu ne: abin da ka zuba da kaka, shi za ka ɗiba da bazara.

Kayan ginin shi ne sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Ba sai an je kanti ba. Akwai shi a nono da kindirmo, da ganyen kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙayarsu. Amma hanji ba ya tsotse shi sosai sai da bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. Saboda haka matar da ke wuni a ɗaki ta riƙa fitowa tsakar gida tana shan hantsi.

Ƙashi yana son nauyi. Tafiyar ƙasa, noma da daka suna ƙara masa ƙwari, yawan zama da doguwar jinya a kwance suna rage shi. Taba da giya su ma suna cin sa.

Mata sun fi shiga haɗari. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke tsare musu ƙashi yana raguwa, sai zaizayewa ta yi sauri a shekarun farko. Ciwon zaizayewar ƙashi ba ya sallama. Sai dai a ga tsohuwa ta ranƙwafa, tsawonta ya ragu, ko ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, a ce ai tsufa ne, wasu ma su ce sammu.

To, ga inda muke yi wa kanmu ɓarna da kuɗinmu. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe", da yawansu akwai deksametason a ciki. Likita kan ba da irinsa don asma ko kumburi, da awo da wa'adi. Wadda ta saya a kemis ta yi wata da watanni tana sha don kumatu su ciko, ƙashinta take rarakewa, ga hawan jini da ciwon sukari na jiran ta. Ƙibar ma ta banza ce, kitse ne da ruwa a fuska da ciki. Wadda ta daɗe a kan maganin kuma kada ta daina farat ɗaya, yin haka haɗari ne; ta je likita ya rage mata a hankali.

Gado ma yana da hannu: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta taɓa karyewa a ƙugu, ya ƙara kula. Duk wanda ya haura 50 ya karye daga ɗan tuntuɓe, kada a tsaya wajen mai ɗori kaɗai. A kai shi asibiti a duba ƙwarin ƙashinsa.